Yadda na hana launi kama farin takarda a bugun hoto da ƙaro

Ina buga hoto da ƙaro da dikuromat a nan Jos: ana haɗa ƙaro da launi da dikuromat, sinadarin da ke sa ƙaro ya taurare inda haske ya taɓa, a shafa a takarda, a ɗora negatif ɗin hoto, a shanya a rana, sannan a wanke sauran. Matsalar ita ce, bayan wanki, wuraren da ya kamata su fito fari tas sai su yi dabbare-dabbare. Na rage launi, na rage lokacin shanya a rana, na canza ƙaro, duk a banza.

Ashe jelatin ɗin da nake shafa wa takarda tun farko, wato wani abu mai danƙo da ke hana launi shiga cikinta, shi ne ba ya zama daidai. Sanyin hunturun Jos yana daskarar da shi tun yana kan burushi, ga shi kuma yana narkewa wajen wanki.

Ga abin da ya yi aiki. Da farko na jiƙa takardar a ruwan zafi na shanya, don ta gama tsukewa. Na zuba giram 30 na jelatin a lita ɗaya ta ruwan sanyi, na bar shi minti 30 ya kumbura, sannan na ɗumama zuwa digiri 45 a ma'aunin Celsius. Kada ya tafasa, ƙarfinsa zai ragu. Kofin jelatin ɗin na ajiye shi cikin kwanon ruwan zafi har na gama shafawa, kuma a ganina wannan ne babban sirrin.

Da takardar ta bushe, na tsoma ta minti 10 a ruwa lita ɗaya mai mililita 25 na fomalin, sinadarin da ke taurara jelatin don kada ya narke. A tsakar gida na yi, da safar hannu, domin tururinsa guba ne. Na ɗauraye, na shanya.

Alhamdu lillahi, yanzu ko launi uku na ɗora, fari yana nan fari. Na gode wa abokin sana'ar da ya tuna min da batun zafin ruwa.