Kurakuran Sababbin Malamai a Darasin da Yara Ke Bincike da Kansu

Duk shekara ɗaliban NCE, masu neman shaidar malanta, kan zo makarantarmu aikin gwajin koyarwa, a wani ƙauye da ke yankin Ringim, kuma kusan kowa da magana ɗaya yake zuwa: a bar yaro ya gano abu da kansa, malami jagora ne kawai. Ni ma a kan haka nake. Amma na gaji da zama a bayan aji ina kallon kuskure iri ɗaya, bana kamar bara.

Na farko, malami ya yi tambaya kuma ya amsa abarsa. Na ga wani ƙanena cikin ɗaliban nan ya shigo aji biyar da tambaya mai kyau ƙwarai: me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Yara suka yi tsit suna tunani. Shirun nan ne ya tsorata shi. Ko numfashi uku bai yi ba sai ya juya ga allo ya rubuta amsa, yara suka kwafa. To ina binciken? Ka gina rijiya, ka cike ta da hannunka.

Ni idan na yi tambaya, sai na ƙirga ashirin a zuciyata kafin in sake buɗe baki. Duk abin da yaro ya faɗa ina rubuta shi a allo, ko da kuskure ne. Wani zai ce don randa a inuwa take, wata ta ce don ƙasa ce. Sai in ce, "To ta yaya za mu gane mai gaskiya?" A nan darasin yake. Su taɓa bayan randa su ji danshi, su taɓa bokiti su ji shi a bushe. Su cika kwalba biyu da ruwa, su naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, su ajiye duka a gindin darbejiya inda iska ke kaɗawa. A lokacin hunturu ko bazara, kafin a tashi za su ji bambanci da hannunsu. Sai bayan nan nake gaya musu cewa ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa, kuma idan zai bi iska da zafi yake tafiya. Akwai ranar da wata yarinya ta riga ni, ta ce, "Malam, ashe kamar zufa ne!" Wannan yarinyar ba ta buƙatar haddar komai.

Na biyu shi ne wanda ya ƙona ni, kuma har yau idan na tuna raina yakan ɓaci. Shekarata ta uku da fara koyarwa, na ce wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare su je su tambayi kakanninsu yadda aka kafa garin da waɗanda suka fara zama. Ban shawarci kowa ba, ban yi tunanin abin da zai dawo ba. Ranar kawo rahoto unguwa biyu kowacce ta ce ita ce tushe. Sai wani yaro ya miƙe ya ce kakansa ya ce gidan su wance asalinsu bayi ne. Yarinyar tana zaune a ajin. Ta kifa kai a benci, washegari ba ta zo ba, ba ta kuma dawo ba har zangon ya ƙare. Mahaifinta ya zo wurin hedimasta, dagaci ya kira ni. Na ba da haƙuri gida gida, amma abin da ya zube ba ya kwasuwa. Laifin ba na yaron ba ne, abin da ya ji ya faɗa. Ni ne na tura su ba tare da shinge ba.

Don haka ku ji ni da kyau. Sakin yara su yi bincike ba sakin awaki ba ne a gonar mutane! Garin da kuka zo jiya, ba ku san tsohuwar rigimar gona ko ta sarauta da ke kwance a cikinsa ba. Kafin in tura yara gida da tambaya, sai na je na gai da dagaci da liman na faɗa musu abin da za a tambaya. Tambayar kuma ƙarama nake yin ta. Ina ake ɗiban ruwa kafin a haƙa rijiyar burtsatse? Me aka ci a farin 1973? Me ake lodawa a da a jirgin ƙasan da ke bi ta Ringim tsakanin Nguru da Kano? Daga nan zancen gyaɗa da dalar gyaɗa ta Kano zai fito da kansa daga bakin tsofaffi. Kuma ba wanda zai karanta rahotonsa a gaban aji sai na fara gani.

Sauran ba su kai waɗannan ciwo ba. Aji mai yara tamanin ka raba shi rukuni huɗu, ka tara taron kasuwa. Mutum biyu ke aiki, saura na hira. Ni benci biyu nake haɗawa su fuskanci juna. Kada kullum yaron da ya fi ƙoƙari ya zama shugaban rukuni, kuma idan ba ka ba 'yan mata aikin magana da sunansu ba, maza za su cinye darasin. Kada ka ce a zo da kayan da sai an saya. Gwangwani, wake, zare da kara sun isa. A lissafi ka kawo kwano da gwangwanin madara da gero, su fara cankar gwangwani nawa ke cika kwano, su auna, sannan su lissafa na buhu. A Hausa su tattaro karin magana daga iyayensu mata, su rarraba su da kansu, na haƙuri daban, na zumunci daban. A darasin addini za su iya kafa sanda su bi inuwarta har su ga lokacin da rana ta yi zawali, amma hukunci ba a neman sa da canke, wannan karantar da shi ake yi.

Ka duba lokaci kuma. Idan za a shuka wake a gwangwani ana auna shi kullum, kada ka sa shi a makon girbi, lokacin da rabin aji ke gona. Ranar kasuwar gari ma haka.

Akwai masu barin gwaji ya ci minti arba'in ɗin duka, a kaɗa ƙararrawa yara su watse ba a ɗaure zance ba. Ni minti bakwai na ƙarshe nawa ne. Kowa ya koma mazauninsa ya rubuta layi biyu: abin da ya zata da farko, da abin da ya gani. Da Hausa suke fara rubutawa, sannan mu sa kalmar Turancin da za ta zo a jarrabawa a gefe. Littattafan nan nake tafiya da su gida, daga cikinsu nake ciro tambayar mako mai zuwa.