Darasi na 7: Man ido na Tetracycline

A kemis da ƙananan asibitocin Kebbi, daga Argungu har Zuru, ana samun wani man ido mai ruwan ɗorawa a ɗan ƙaramin bututu. Sunansa Tetracycline, an rubuta 1% a jikinsa. Aikinsa kashe ƙwayoyin bakteriya da ke sa ido ya yi ja, ya riƙa kwantsa, a wayi gari ido a liƙe.

Yana maganin amosanin ido, ciwon da ƙuda da tsumman goge fuska ke yaɗawa tsakanin yara. Ana sa shi sau 2 a rana har mako 6. Nan ne mutane ke sakaci: da ja ya ragu sai a jefa bututun a kwalla a manta, alhali cutar tana nan. In ciwon ya yi ta dawowa shekara da shekaru, gashin ido kan juya ciki yana kartar ƙwayar ido. A wannan matakin mai ba ya gyarawa, sai ƙaramin aiki a asibiti.

Ga yadda ake sawa. Wanke hannu da sabulu. Goge kwantsar da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce. Ja fatar ido ta ƙasa, ka matsa man kamar tsawon ƙwayar shinkafa a cikinta. Kada bakin bututun ya taɓa ido. Kowa da nasa, ba a aro.

Bayan an sa, za a ji ɗan raɗaɗi, gani ya yi dishi-dishi na ɗan lokaci. Wannan ba abin tsoro ba ne, amma kada ka hau babur sai ido ya washe. In kuwa fatar ido ta kumbura, ƙaiƙayi ya tsananta, ko ƙuraje suka feso, jikinka bai karɓe shi ba. Daina, ka nufi asibiti.

Ba kowane jan ido yake warkarwa ba. Apolo yawanci bairos ke kawo shi, man nan kuwa ba ya kashe bairos. Masu fasa kafson Tetracycline ja da rawaya su zuba garin a ido, su bari. Na haɗiya ne. Jaririn da idonsa ke ruwan mugunya a kai shi asibiti ranar, kada a tsaya ɗiga masa nono.

Aiki: Mako nawa ake sa man don amosanin ido? Nemo bututu ɗaya, ka kwafi lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa a littafinka.