Abin da ya kamata a zuba wa yaro a kwanon makarantar raino

'Yan'uwa mata na Gusau da ke barin yara a makarantar raino tun safe, ku riƙa lura da abin da kuke zuba musu a kwano. Biskit da taliya suna cika ciki, amma ba sa kare yaro daga ƙarancin bitamin A, wanda kan fara bayyana da dundumi, inda da magariba za a ga yaro yana lalube yana tuntuɓe. Kwaɗon zogale, faten kabewa ko dafaffen ƙwai sun fi amfani, kuma a ɗan zuba manja, domin jiki bai cika karɓar wannan sinadari ba sai da maiƙo. Daga wata 6 zuwa wata 59, a riƙa kai yaro asibiti duk bayan wata 6 a ɗiga masa bitamin A a baki.