Kurakuran ciyarwa da ke lalata ƙwayoyin tumbin saniya

Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin tumbi su ke narkar da abin da saniya ta ci, kuma kowane rukuni da abincinsa. Masu narkar da ciyawa, irin su Fibrobacter da Ruminococcus, suna aiki sosai idan pH na tumbi, wato ma'aunin tsami wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, yana tsakanin 6 da 7. Da ya sauka ƙasa da 6, sai aikinsu ya ja baya.

Wani kuskure mai kashe shanu shi ne tula musu hatsi rana ɗaya. Sitaci na shiga, bakteriyar Streptococcus bovis ta hayayyafa cikin sa'o'i, ta cika tumbi da asid ɗin laktik. Masu cinye wannan asid, kamar Megasphaera, ba sa yaɗuwa da sauri haka, don haka tsami ya taru, pH ya faɗi zuwa 5 ko ƙasa. Sai ka ga saniya ta daina tuƙa, kashinta ya zama ruwa-ruwa mai kumfa da warin tsami, daga baya ta kama ɗingishi. Gyaran shi ne a ɗauki mako 2 zuwa 3 ana sauya abinci, kada ƙarin hatsi ya wuce rabin kilo a rana, a raba shi sau biyu ko uku, a kuma fara ba da ciyawa kafin hatsi.

Wasu kuma suna niƙe ciyawa ta zama gari don kada a yi asara. Asarar ma ta fi yawa. Doguwar ciyawa ce ke sa tuƙa, tuƙa ke kawo yawu, babbar saniya kuwa tana fitar da fiye da lita 100 a rana, cike da bikabonet mai kashe tsami. Ka leƙa garke lokacin hutu: idan masu tuƙa ba su kai rabin waɗanda ke kwance ba, ciyawar ta gaza.

Busasshen kara zalla ma matsala ne. Idan furotin bai kai kashi 7 cikin 100 ba, ƙwayoyin ba sa hayayyafa, abinci ya daɗe a tumbi, saniya ta rame da ciki a cike. Yuriya, wadda ƙwayoyin ke mayarwa furotin, na taimakawa, amma kada ta wuce kashi 1 cikin 100 na busasshen abincin yini, a gauraya ta sosai, a fara da kaɗan. Ba a ba maraƙin da tumbinsa bai gama ƙosawa ba, kuma idan ruwan sama ya taru a mazubin da ke da yuriya, a zubar kafin shanu su sha.