Yadda Ake Sa Dabba Barci Domin Tiyata, a Kuma Tashe Ta Lafiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan dabbar da aka yi wa allurar barci ya san hankali ba ya kwanciya sai an ga ta haɗiye yawu ta ɗaga kai da kanta. Na rubuta wannan jagora ne domin ɗaliban likitancin dabbobi da mataimakan likita, da kuma mai dabbar da ke son fahimtar dalilin sharuɗɗan da ake gindaya masa kafin aiki. Zaɓen magani da ƙayyade yawansa haƙƙin likita ne, amma yawancin abin da ke ceton rai a wannan aiki yana hannun wanda ke shirya dabbar, da wanda ke tsaye a kanta har ta farfaɗo.

Ya kamata a fara sanin inda haɗarin yake. Tsakanin 2002 da 2004 an gudanar da babban bincike a asibitocin dabbobi na Biritaniya ƙarƙashin jagorancin David Brodbelt, aka wallafa sakamakonsa a 2008. An bi diddigin karnuka kusan 98,000 da kyanwoyi kusan 79,000 da zomaye sama da 8,000, aka samu cewa kare 1 cikin kusan 600 ya mutu sanadiyyar sa barci, kyanwa 1 cikin kusan 420, zomo kuwa 1 cikin 72. A dabbobin da ke da rashin lafiya mai tsanani, adadin ya haura kashi 1 cikin 100 a kare da kyanwa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne lokacin da mutuwar ke faruwa: kusan rabin karnukan da suka mutu, da fiye da rabin kyanwoyin da zomayen, bayan an gama tiyata suka mutu, akasari a cikin sa'o'i uku na farko, wato daidai lokacin da ma'aikata suka wanke hannu suka juya ga wani aiki.

Aikin yana farawa da duba dabbar tun tana farke. A auna nauyinta a kan sikeli, kada a yi ƙiyasi da ido, domin kuskuren rabin kilo a kyanwar da ba ta wuce kilo biyu ba yana nufin ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu na magani. A saurari zuciya da huhu, a auna zafin jiki, a duba launin dasashi, a kuma tambayi mai ita magungunan da take sha. Dasashi fari alamar ƙarancin jini ne, abin da tsutsar ciki ke yawan jawo wa tumaki da awaki, kuma dabbar da jininta ya yi ƙasa ko ruwan jikinta ya ƙafe ana fara gyara ta ne kafin aiki, in dai ba na gaggawa ba ne. Daga nan sai a ɗora ta a kan ma'aunin haɗari mai matakai biyar wanda aka aro daga likitancin mutane, mataki na 1 ga mai cikakkiyar lafiya, na 5 ga wadda ba a sa ran za ta rayu in ba a yi aikin ba. Daga mataki na 3 zuwa sama ake sauya shiri gaba ɗaya.

Hana abinci ya danganta da yadda cikin dabbar yake. Kare da kyanwa masu lafiya sa'o'i 4 zuwa 6 sun ishe su bisa shawarwarin baya-bayan nan, ba sai sun kwana da yunwa kamar yadda aka saba a da ba. Babbar saniya da za a sa barci mai nauyi ana hana ta abinci sa'o'i 18 zuwa 24, tumaki da awaki 12 zuwa 18, domin a rage abin da ke cikin tumbi. 'Ya'yan dabbobi masu shan nono ba a barin su da yunwa mai tsawo, saboda sukarin jininsu yana faɗuwa da sauri. Zomo kuwa ba ya amai, hanjinsa kuma ba ya son tsayawa, don haka ba a hana shi ci. A dai tabbatar babu ragowar abinci a bakinsa.

Kafin allura ta taɓa fata, a gwada injin sa barci a ga ba ya yoyo, a duba yawan iskar oksijin, a ajiye bututun maƙogwaro masu girma dabam-dabam, a lissafa magungunan gaggawa bisa nauyin wannan dabbar a rubuta a takarda. A kuma sa siririyar robar allura a jijiya ko da aikin na minti goma ne, domin neman jijiya a dabbar da zuciyarta ke gab da tsayawa wahala ce da ba a cika cin nasara a kanta ba.

A wajen maganin kwantar da dabba ne bambancin jinsuna ya fi yin kisa, kuma zailazin shi ne misalin da ya kamata kowa ya haddace. Saniya kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ake ba doki a kowane kilo take buƙata, ga shi kuma ana yin maganin da ƙarfi biyu, mai miligiram 20 da mai miligiram 100 a kowace mililita, saboda haka ɗauko kwalbar doki a yi wa akuya lissafi da ita ya isa ya kashe ta. A karanta kwalba kowane lokaci. A tumaki maganin yana iya rage iskar oksijin a jini sosai har ya tara ruwa a huhu, a saniya mai tsohon ciki kuma yana motsa mahaifa. Duk inda ake amfani da shi ya kamata maganin warware shi, irin su atifamezol, ya kasance a kusa. Haka wasu nau'o'in aladu, kamar Pietrain da Landrace, suna gadon wata larura da iskar sa barci mai suna halotan ke tayarwa, tsoka ta sandare, zafin jiki ya hau da sauri. Karnuka masu gajeren hanci kuwa hanyar numfashinsu ce matsalar, tun daga kwantarwa har farfaɗowa.

A ra'ayina, duk aikin da za a iya yi wa dabba mai tuƙa tana tsaye, a yi shi tana tsaye. Ana buɗe cikin saniya ta kwiɓi, har a ciro ɗan maraƙi, bayan an kashe jijiyoyin da ke fitowa daga kashin baya zuwa wurin da lidokain, maganin kashe zafi a wuri ɗaya, ita kuma tana numfashinta tana gyatsarta. Sai dai lidokain ma yana da iyaka. Mai kashi 2 cikin 100 yana ɗauke da miligiram 20 a mililita, kuma ba a son a wuce kusan miligiram 6 a kowane kilo a ɗan akuya, wanda ke nufin mai kilo uku bai kai ya sami mililita ɗaya cikakkiya ba, alhali in za a cire masa ƙaho, kowane tushen ƙahonsa jijiyoyi biyu ke zuwa masa. Shi ya sa ake sirka maganin da ruwan allura kafin a raba shi wurare huɗu.

Idan dole sai an sa dabba mai tuƙa barci tana kwance, a tuna cewa tumbi ba ya daina samar da iska, yawu kuma ba ya daina zuba, domin saniya tana yin yawu lita da dama a yini. A sa bututu mai balan-balan a maƙogwaro a hura shi, a tokare ƙeya ta ɗan ɗagu, hanci ya kalli ƙasa, yadda duk abin da ya taso daga ciki zai zube waje maimakon ya gangara huhu. A kyanwa kuma maƙoshi yana saurin ƙullewa in an taɓa shi, don haka ake ɗiga masa lidokain kaɗan, a jira ya kama, sannan a zura bututun a hankali.

Da zarar barci ya kama, mutum ɗaya ya tsaya a kan dabbar ba tare da an ɗora masa wani aiki ba, yana rubuta abin da ya gani kowane minti biyar. Binciken Biritaniya ya nuna cewa kyanwoyin da aka riƙa lura da bugun jininsu, aka kuma sa musu na'urar auna oksijin, sun fi tsira. Ana son oksijin a jini ya tsaya daga kashi 95 zuwa sama, iskar da ake fitarwa ta nuna kabon dayoksaid tsakanin 35 da 45 a ma'aunin matsi na mmHg, matsakaicin matsin jini kuma kada ya sauka ƙasa da 60 a wannan ma'auni a kare da kyanwa. Ƙarin ruwa shi ma magani ne mai awo: kusan mililita 5 a kowane kilo a sa'a ga kare, 3 ga kyanwa. A shafa man ido, musamman in an yi amfani da ketamin, allurar barci da ke barin ido a buɗe. A kuma kare dabbar daga sanyi tun daga farko, amma kada a manna mata abu mai zafi a fata, domin ba za ta iya matsawa ba in yana ƙona ta.

Doki yana buƙatar kulawa ta musamman. Binciken da Johnston da abokan aikinsa suka wallafa a 2002, a kan dawakai sama da 40,000, ya nuna cewa kusan 1 cikin 100 ya mutu ko da an cire waɗanda aka yi wa aikin ciwon ciki, kuma kaso mai yawa karaya ce da lalacewar tsoka. Nauyin jikinsa yana danne tsokar da ke ƙasa har jini ya kasa ratsa ta, saboda haka ake riƙe matsin jininsa a 70 ko sama, a shimfiɗa masa katifa mai kauri, in yana kwance a gefe a jawo ƙafar gaba ta ƙasa zuwa gaba, a cire linzami da duk abin da ke danne fuska. Idan ya fara farkawa yana yunƙurin miƙewa kafin ƙafafunsa su yarda, nan ake karaya. Ɗaki mai shiru da dabe marar santsi da ɗan maganin kwantarwa su ke jinkirta shi har ƙarfinsa ya dawo.

Lokacin farfaɗowa a ɗauke shi a matsayin rabin aikin. Ba a cire bututu sai dabbar ta fara haɗiya, a karnuka masu gajeren hanci ma ana barinsa muddin suna haƙuri da shi. Dabba mai tuƙa a zaunar da ita a kan ƙirjinta domin ta yi gyatsa, a zare bututun balan-balan ɗinsa na da sauran iska, ya share abin da ya taru a sama. A ci gaba da duba numfashi da dasashi da zafin jiki a kai a kai a sa'o'i uku na farko bayan aiki, a ajiye dabbar inda ido ke kai, a kuma ba zomo abinci da zarar ya iya zama daidai.

Dabbar da ta yi shiru bayan tiyata ba lallai ne ta rabu da zafi ba, domin tumaki da shanu da zomaye suna ɓoye ciwo. Bincike ya samar da ma'aunan karanta fuska, na doki a 2014, na kyanwa daga Jami'ar Montreal a 2019, wanda ke duba matsayin kunnuwa da runtse ido da ɗaurewar baki da gashin baki da yadda aka riƙe kai. A auna da su kafin aiki da bayansa, a ƙara maganin zafi in maki ya hau. A gargaɗi mai kyanwa kada ya ba ta farasitamol ko kaɗan, domin guba ne a gare ta. Ga dabbar da ake cin namanta ko shan nononta kuwa, a rubuta wa mai ita sunan kowane maganin da aka yi amfani da shi da ranar da wa'adin jiransa zai cika har a iya cin naman ko shan nonon, kafin ta bar wurin.