Yadda Ake Shirya Koyon Sana'ar Gargajiya a Hannun Gwani

Ƙungiya ko hukumar da ke son ceto wata sana'ar gargajiya, saƙa ce ko ƙira ko jima ko kiɗa, takan fara da kiran taron bita: mutum talatin, kwana uku, a raba takardar shaida a watse. Wannan ba ya fitar da ko masaƙi ɗaya. Abin da ke fitar da shi shi ne ɗan koyo ya daɗe a gefen gwani, yana yi ana gyara masa. A kan haka ƙasashen da suka riƙe al'amarin da gaske suka gina tsarinsu. Japan ta kafa dokar kare kayan al'adu a 1950, kuma tana ba kowane gwanin da ta ayyana yen miliyan 2 a shekara don ya riƙe sana'arsa ya horar da magada. Koriya ta Kudu ta yi tata dokar a 1962. Faransa kuwa tun 1994 take haɗa gwani ɗaya da ɗalibi ɗaya na tsawon shekara uku.

Wajen zaɓen gwani, a tambayi abokan sana'arsa, su suka san wanda ake kai wa aiki idan ya gagari kowa. Wanda ya fi suna a wajen baje koli ba lalle ne shi ya fi iyawa ba. A kuma duba ko yana da haƙurin koyarwa, domin akwai gwanin da in ya ga an ɓata aiki sai ya fizge ya yi da kansa. Ɗan koyo kuma gwanin ne zai zaɓe shi, ko aƙalla ya yarda da shi. Wanda aka ɗora masa daga ofis ba zai buɗe masa ciki ba. Ya fi kyau ɗan koyon ya riga ya iya riƙe kayan aiki, kuma kada su wuce biyu a hannun gwani ɗaya.

Sai a zauna a rubuta yarjejeniya, a karanta wa kowa da harshensa. Kada a rubuta “zai koyi ginin tukwane”, wannan ba ya aunuwa. A rubuta cewa zai iya gane yumɓu mai kyau a inda ake haƙarsa, ya jiƙa, ya cuɗa, ya gina tukunya iri kaza, ya busar, ya gasa. A rubuta ranakun haɗuwa. Zama biyu a mako, awa uku kowanne, ya kai awa 300 cikin mako 50, kuma ƙasa da haka da wuya hannu ya faɗa. A fayyace wa ke da kayan da ɗan koyo ya yi, wa ke da hotuna da bidiyo, da abin da gwani bai yarda a ɗauka ba. Wasu sana'o'in suna da sirrin da na dangi ne ko na ibada. Haƙƙin mai shi ne ya hana, kuma gara a san iyakar tun farko da a yi rigima a tsakiya.

Tsawon shirin ya zagaye shekara cur, ko da kuɗin ya nuna kamar wata shida ya isa. Dalili shi ne ɗanyen kaya yana da lokacinsa. Ganyen rini, ɓawon itacen jima, ciyawar saƙa, kowanne akwai watan da ake samunsa da ƙarfinsa. Tukunyar da ta bushe lafiya a lokacin sanyi tana iya tsagewa a lokacin zafi idan ba a rufe ta ba, saboda bayanta ya riga cikinta bushewa. Wanda ya koyi aiki a yanayi ɗaya, kuma kullum an miƙo masa kaya a haɗe, rabin sana'ar ya sani. Wannan ɓangare na nemo kaya da gyara su shi ya fi saurin ɓacewa, domin ba shi da kyan kallo, ba a kuma nuna shi a wajen biki.

Batun kuɗi, kaso mafi tsoka na gwani ne. Duk awar da ya yi yana koyarwa awa ce da bai yi aikin sayarwa ba, don haka a lissafa ladansa da abin da yake samu a yini. A ware kuɗin kayan aiki da yalwa, don ɗan koyo zai ɓata fata, zare da gawayi sosai a watannin farko, kuma gwanin da asarar ke fita daga aljihunsa zai daina ba shi kaya masu kyau. Shi ma ɗan koyo a ba shi kuɗin mota da ɗan abin riƙewa, in ba haka ba neman na yau zai janye shi. A biya kashi uku: da farawa, a tsakiya bayan an kai ziyara, sai na ƙarshe bayan gwaji.

Ziyarar tsakiya ita ke tona matsalar da ta fi yawa, wato a mayar da ɗan koyo ɗan aike. Shara da jan zuga-zugi suna cikin tarbiyyar sana'a, ba laifi ba ne. Amma idan an yi wata huɗu bai taɓa dukan ƙarfe da kansa ba, shirin ya kauce. Mai ziyara ya ce a nuna masa aikin watan farko da na jiya, a jera su. Akwai kuma gwanin da ke riƙe mataki ɗaya na ƙarshe, kamar haɗin ruwan rini ko yadda ake kashe ƙarfe a ruwa don ya yi ƙarfi, saboda tsoron kada yaronsa ya ƙwace masa kasuwa. Tsoron yana da tushe. A tattauna shi a fili, a amince a kan inda ɗan koyo zai yi ciniki bayan an yaye shi.

Idan gwanin ya tsufa sosai, a sauya jerin darussa, a fara da abin da shi kaɗai ya sani. Wajen ɗaukar bidiyo, a tsaya ta bayan kafaɗarsa don a ga hannu yadda mai yi ke ganinsa, kuma kada a yanke wurin da aka yi kuskure aka gyara. A ajiye kwafi a wuri biyu, a ba gwani da ɗan koyo nasu.

Gwajin ƙarshe shi ne ɗan koyo ya yi aiki ɗaya shi kaɗai, daga ɗanyen kaya har gamawa, gwaninsa ba ya wurin. Wasu gwanaye biyu su duba su yanke hukunci. Makaɗi ko mawaƙi kuwa a gaban jama'ar da suka san waƙar zai yi nasa. Tun ranar da ake tsara kasafi a ware kuɗin cikakkun kayan aikin da zai tafi da su, masaƙa ko maƙera ko kayan kiɗa nasa na kansa, tare da ɗanyen kayan wata uku.