Yadda Ake Zama Furodusan Fim Ɗin Namun Daji

Da farko, cire wa ranka cewa furodusa shi ne mai riƙe kyamara. Kyamara da mai ita. Naka shi ne ka nemo labari, ka nemo kuɗi, ka karɓo izini, ka haɗa ma'aikata, sannan ka tare a ɗakin edita har fim ya fito.

Fara da abin da ke ƙofar gidanku. Shamuwa ma ta ishe ka. Tana dawowa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari. Samu littafi ka riƙa rubutawa: ƙarfe nawa take fita kiwo, me take kawo wa 'ya'yanta, yaushe suka fara gwada fiffike. Ɗauke ta da wayarka, ka haɗa fim na minti biyar. A nan za ka san ko kana da haƙurin sana'ar, don akan shafe mako guda a laɓe cikin 'yar rumfa, ƙafa ta yi tsami, sauro na cizo, duk saboda hoton daƙiƙa goma.

Daga nan ka raɓi masana. Da yawan masu wannan aiki ilimin dabbobi suka karanta. Idan ba ka da shi, akwai irin su cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. Tsofaffin masu gadin daji kuwa, abin da suka sani babu shi a littafi.

Sai rubuta labarin a shafi ɗaya. "Zan je Yankari in ɗauko giwa" ba labari ba ne, yawon buɗe ido ne. Wane garke? Me ke damunsa? A wane wata? Da rani ake zuwa, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Ka je da damina, ciyawa za ka ɗauko.

Izini kuma ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Yankari na hannun gwamnatin jihar Bauchi, gandun dajin Gashaka-Gumti na hukumar tarayya, jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto daga sama kuma takardarsa daban ce. A kasafi ka sa mota, mai, batir, haƙƙin ɗan rakiya, da kwanakin da dabba za ta ƙi fitowa. (Abincinka kuma a kulle, birran sansanin Wikki, masaukin baƙi na Yankari, ba su da kunya.) Kada ka ɗaure dabba ko ka zuba mata abinci don ta yi maka wasa, masu sayen fim suna ganewa.

Babbar kasuwar tana Bristol ta Ingila, inda BBC ta buɗe sashen finafinan halittu a 1957, kuma tun 1982 ake bikin finafinan namun daji na Wildscreen a can. Galibi da aikin bincike ake shiga, a zama mataimakin furodusa, shekaru su ja kafin a ba ka shiri naka. A Afirka ta Kudu akwai ƙungiyar NEWF mai horar da 'yan Afirka. Idan sun buɗe ƙofa, fim ɗin shamuwar nan shi za ka tura.